Ƙarfin Jiki Yana Cikin Rumbunmu

 

Maganar da muka kawo yau ta tukunya ce, amma a aji muka tsinto ta. Dukanmu mun san yaron da ke kifa kai bisa benci tun kafin a fita tara. Mun san kuma samarin da muka yaye, masu ɗaga ƙarfe da 'yan dambe, da ke tare mu suna tambayar yadda za su yi ƙwanji alhali nama ya fi ƙarfin aljihu. Mu kanmu, sau nawa nama ke shiga gidajenmu kafin albashi ya zagayo?

Abin da ke gina tsoka shi ne sinadarin furotin. Masana abinci sun ƙiyasta cewa baligi yana buƙatar kimanin giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa kullum, wato giram 48 ga mai kilo 60. Mai motsa jiki da nufin ƙara tsoka kuwa, buƙatarsa kan kai ninki biyu na haka. Amma ci kaɗai ba ya gina tsoka sai da aiki da isasshen barci.

To, ina za a samo shi? A cikin giram 100 na busasshen waken soya akwai furotin kimanin giram 36, gyaɗa kimanin 25, farin wake kimanin 23. Masara, wadda muke taƙama da ita daga Funtuwa har Malumfashi, ba ta wuce giram 9 zuwa 10 ba. Ke nan yaron da ya kwana da tuwo da miyar kuka, ya karya da ɗumame, ya ƙoshi amma jikinsa bai samu abin gini ba.

Akwai hikimar da iyayenmu mata suka riga littafi sani. Abin da hatsi ya gaza da shi, wake yana da shi, abin da wake ya gaza da shi kuma, hatsi yana da shi. Shi ya sa koko da ƙosai, shinkafa da wake, fura da nono da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli suka zama abincin manoma masu ƙarfi. Awara ma ta shigo sahu, kuma ba ta da tsada.

Sai dai mu kula da abu uku. Waken soya sai ya dahu sosai jiki ke amfana da shi. Gyaɗar da ta yi fumfuna guba ce ga hanta, a zubar da ita. Sannan akwai bitamin B12, wanda tsirrai ba sa bayarwa, don haka wanda ba ya samun nama kada ya yi nesa da nono da ƙwai.

Abin takaici, da kaka ta yi, sai mu ga manyan motoci suna lodin waken soya a kasuwannin Dandume da Bakori, mai yawa daga ciki ya tafi abincin kaji. Kajin wasu su yi ƙiba, 'ya'yanmu su rame. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Saboda haka muna roƙon abu biyu. A taron iyaye da malamai na wannan zango, mu nemi kowane magidanci ya ware wa gida tiyoyin wake da na soya kafin ya kai sauran kasuwa. A darasin kimiyya kuma, mu shigo da wake da gyaɗa aji, yara su taɓa su, su san darajarsu. Amma mu fara daga tukwanenmu, domin yaro ya fi koyi da abin da ya gani.

Allah ya albarkaci gonakinmu, ya raya mana zuriya.