GONAR KIFI A TEKU: KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI

Laccar da aka yi wa 'yan kasuwa da masu sayar da kifi

Yau maganar kifi za mu yi, amma ba na Argungu ko na Tafkin Cadi ba. Maganar wata sana'a ce ta manyan kamfanoni a cikin teku, wadda ya kamata mai sayar da kifi da mai sayensa duk su san ta.

Akwai wani kifi mai jan nama, mai tsada, ana ce da shi samon. Kamfanoni sukan kafa manyan kejuna na raga a bakin teku, su zuba shi ciki, su yi ta ba shi abinci har ya isa sayarwa. Ƙasar Norwe ita ce kan gaba, Chile na biye. A Norwe doka ta yarda a zuba har kifi 200,000 a keji guda. To, jama'a, in ka cusa kaji dubu a akurki ɗaya, me zai biyo baya? Cuta! Ƙwarƙwatar kifi takan yaɗu ta kama har kifin da ke yawonsa a teku. Kashi da ragowar abinci da magani kuwa sai su zube ƙasa su ruɓe. A 2023 kaɗai, kifi fiye da miliyan 60 suka mutu a kejunan Norwe.

A Chile, cikin 2016, wata gansakuka mai guba ta kashe miliyoyin kifi a kejuna. Hukuma ta ba da izini, aka kwashi mushe fiye da tan 4,000 aka zubar a teku. Ba a jima ba guba ta bayyana a gaɓar tsibirin Chiloe, aka hana masunta sana'arsu. Masanan gwamnati suka ce ɗumin ruwa ne, masunta suka ce ba su yarda ba. A watan Mayu suka tare hanyoyin tsibirin fiye da mako biyu, sai da gwamnati ta ƙara musu kuɗin taimako.

Wani zai ce, ina ruwanmu da Chile? To, saurara. Shi samon kifi yake ci. Ana kama ƙananan kifi irin su sadin da bonga, watau abincin talaka, a dafa, a tatse mai, a niƙa sauran ya zama gari. Kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi ke ba da kilo ɗaya na gari. Masana'antun wannan aiki suna nan a gaɓar Afirka ta Yamma: Nuwadibu a Muritaniya, Kayar a Sanigal, Gunjur da Sanyang da Kartong a Gambiya. A 2021 ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets suka ƙiyasta cewa ana kwashe fiye da tan 500,000 kowace shekara daga wannan gaɓa don ciyar da kifin gona da dabbobi a Turai da Asiya, abin da zai ciyar da mutum fiye da miliyan 33. Matan da ke yin banda su sayar ba su iya gasa da kamfani a bakin kwalekwale. Kun fi kowa sani, in babban mai saye ya kwashe kaya tun daga tushe, ƙaramin ɗan kasuwa ne ke komawa gida da kwando wayam.

Mutanen Gunjur ba su naɗe hannu ba. A watan Mayun 2017 tafkin Bolong Fenyo, kusa da masana'antar Golden Lead, ya koma ja, kifi suka mutu. Hukumar kula da muhalli ta kai ƙara, amma aka sasanta a bayan kotu a kan dala 25,000 kacal. A watan Maris na 2018 mutanen gari suka taru suka tumɓuke bututun da ke zuba ƙazanta a teku. Aka kama waɗansunsu, daga baya kuma aka mai da bututu. Ba su ci nasara ranar ba, amma duniya ta ji kukansu.

Akwai kuwa inda aka ci. A jihar Washintan ta Amurka, keji ya ɓalle a 2017, kifi wajen 250,000 suka tsere. Masunta 'yan asalin ƙasar da sauran jama'a suka tsaya kai da fata. A 2018 aka yi dokar daina kiwon baƙon samon a kejin teku, a 2025 kuma aka hana kejunan kasuwanci ɗungum a ruwan jihar.

Kada a ce muna ƙin kiwon kifi. Mai ramin tarwada a bayan gida yana ciyar da unguwarsa. Abin da muke ƙi shi ne a ɗebe daga kwanon mai yunwa a zuba wa mai ƙoshi, sa'an nan a bar masa sharar.

Saboda haka, 'yan'uwa, ku riƙa tambayar dillali daga ina kaya ya fito, kuma don me ya yi tsada. Duk ranar da wani kamfani ya zo neman ruwan da masuntanmu ke su a ciki, tafki ne ko kogi, ƙungiyarku ta kasuwa ta nemi a karanta mata yarjejeniyar tun kafin a sa hannu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Iyakar maganata ke nan.