Faɗuwar Indararo a Sabon Gini: Dalilanta da Hanyoyin Gyara



Maƙasudin wannan lacca shi ne duba wani ɗan sashe na gida wanda ba safai akan tuna da shi ba sai ran da ya faɗo, watau indararo. A Maruda da sauran garuruwan ƙasar Gwandu da Kalgo ta Jihar Kebbi, mutum yakan tara kuɗin shinkafarsa ko albashinsa na shekaru ya gina gida, ya tare da rani cikin murna, amma kafin markar Agusta ta wuce sai a iske indararon a ƙasa, ruwa na cin gindin bango. Akan ɗora wa damina laifi. Amma in aka bi diddigi, za a tarar ɓarnar ta samo asali tun ran gini.

Nauyin da indararo ke ɗauka

Ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne, lita ɗaya kuwa nauyinta kilo ɗaya. Bisa ga haka, rufin da faɗinsa ya kai murabba'in mita 100, in aka yi masa ruwa na milimita 50 a dare guda, zai zubar da lita 5,000, watau cikin duro 25 masu ɗaukar lita 200. A wannan yanki ruwan shekara yakan taru ne tsakanin Yuni da Satumba, ya kuma sauko da ƙarfi, iska na kora shi daga gabas. Indararon da ake shimfiɗawa a bakin kwano, in ya toshe ya cika, yana iya riƙe kusan lita 10 a kowace mita. Mai tsawon mita 10 ke nan yana ɗauke da nauyin buhun siminti biyu, a rataye a jikin 'yan ƙusoshi.

Yadda maginan da suka yi

Maginin soro yakan yanke shawarar inda ruwa zai fita tun kafin ya jera azara. Yakan karkata rufin kaɗan zuwa wannan gefe, ya bar kafa a ƙarƙashin rawani, ya dasa indararo na gasasshen yumɓu ko na fafaffen icen giginya, gindinsa a binne cikin bango, bakinsa ya miƙe waje don ruwa ya faɗi nesa da harsashi. Sa'an nan ya shafe kewayensa da makuba, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsi da gashin jima da dafara. Har wa yau, kowace shekara kafin ruwa ya sauka maigida yakan hau ya share rufi, a sake yaɓe. Malaman Malikiyya ma ba su raina al'amarin ba. Ibn Rami, wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, ya rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini, ciki har da batun ruwan da ke zuba daga rufin mutum zuwa gidan maƙwabcinsa.

Dalilan faɗuwa a ginin zamani

A ginin bulo da kwano indararo ya koma aikin ƙarshe, wanda akan zo kansa bayan kuɗi sun ƙare. Daga nan sauran dalilai suka tsiro.

Na farko shi ne katakon bakin rufi. Sau da yawa ɗanye akan saya saboda araha, ba a kuma shafa masa maganin gara. Da zafin Maris da Afrilu ya buge shi sai ya bushe ya tsage, ƙusa ta yi sako-sako.

Na biyu, ƙarancin ƙarafan da ke tallafe indararon. Ya kamata tazarar da ke tsakaninsu ta tsaya daga santimita 60 zuwa mita 1, amma akan faɗaɗa ta don a rage kashe kuɗi, sai tsakiya ta lotsa.

Na uku, rashin gangare. In ba a sassauto da indararo kamar santimita 1 a kowace mita 2 zuwa bakin bututu ba, ruwa zai kwanta. Ƙurar hunturu da ganyen dogonyaro sukan taru a ciki su zama laka, laka kuwa ta fi ruwa nauyi, tana kuma jawo tsatsa.

Na huɗu ya shafi na roba. Roba takan miƙe da zafi ta tsuke da sanyi, har gaɓa mai tsawon mita 4 tana iya motsawa kusan santimita 1 tsakanin sanyin Janairu da zafin Afrilu. In kafinta ya ɗaure ta tamau bai bar mata sarari ba, mahaɗar takan ɓalle.

Gyara

Mayar da indararo a tsohon ramin ƙusa ɓata kuɗi ne. Abu na farko shi ne a sauke abin da ya rage, a soki katakon da wuƙa. In ya yi laushi ko ya nuna cin gara, a sauya shi da busasshe wanda aka shafa wa magani da fenti. Sa'an nan a ja igiya daga ƙarshe zuwa bakin bututu don fitar da gangare, a ɗaura ƙarafan da sukurori marasa tsatsa, a ƙara bututu na biyu in rufin yana da faɗi. Bututun kuma ya sauka cikin duro ko a kan daɓen siminti mai kai ruwa kwata. Kafin a sallami kafinta a zuba bokitin ruwa daga sama a ga tafiyarsa. Haka nan a duba bangon da ruwa ya jiƙa a toshe tsagarsa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kammalawa

Akwai darasi na musamman ga ma'aikatan da ke karɓar azuzuwa da ɗakunan shan magani a madadin hukuma. A al'adar kwangila akan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, galibi har wata shida, don gyaran abin da ya ɓaci. Amma ginin da aka miƙa a Nuwamba wa'adinsa zai cika a Mayu, tun ruwa bai kankama ba. Ya kyautu a tsara yarjejeniya yadda wa'adin zai haɗa da damina guda cikakkiya. Shi ma mai ginin kansa ya kamata ya yi irin wannan sharaɗi da kafintansa a gaban shaidu, ya kuma ware kuɗin indararo tun ranar da ake haƙa harsashi.

Allah ya ba da damina mai albarka.