YATSAN DA YA ƘI MOTSI BA TARGAƊE BA NE

Yau maganarmu a kan hannun 'yan wasa ce, wato 'yan kokawa da 'yan dambe da masu tsaron gida a wasan ƙwallo.

Ku sani, naman da ke motsa yatsu yana can tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Daga nan waɗansu jijiyoyi farare, masu ƙarfi kamar igiya, suka taho suka kama ƙashin kowane yatsa. Na wajen tafi su ke lanƙwasa shi, na bayan hannu su ke miƙe shi. In ɗaya ta tsinke, yatsa ya daina jin magana.

To, ga yadda za ka gane. In ƙwallo ta bugi kan yatsanka, ka ga ya langaɓe, ba ya miƙewa sai ka ɗaga shi da ɗaya hannun, jijiyar baya ce ta tsinke. Malamin asibiti zai ɗaura masa ɗan katako, gaɓar ƙarshe ta zauna a miƙe mako 6 zuwa 8, dare da rana. In ka bari ta lanƙwashe ko sau ɗaya, sai a soma lissafi daga farko.

In kuwa ka damƙi abokin kokawa ya fizge, ka ga kan yatsa ya ƙi lanƙwasuwa, wannan ya fi tsanani. Yawanci yatsan da ke kusa da ƙarami ya kan samu. Jijiyar ta janye ciki, katako ba zai maido ta ba. Sai likita ya ɗinke ta a babban asibiti, kuma an fi so cikin kwana 7 zuwa 10. Wanda ya yi jinkiri, aiki ya kan yi wuya, riƙon fartanya ma ya gagare shi.

Kai kuma ɗan dambe, in haƙorin abokin karawa ya yanke ka a gaɓa, wanke da sabulu, ka zo ran nan, don dattin baki ya kan sa wurin ya ruɓe.

Kafin ka iso, cire zobe, sa ruwan sanyi, ɗaga hannu sama. Kada ka yarda a ja yatsan ko a murza shi. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Allah ya ba mu lafiya, amin.