Jijjigar masu ciki: mu san wa take nema tun kafin ta iso



Yau ina son mu yi magana a kan jijjiga, ko taune-taune. In mai ciki ta faɗi tana karkarwa, sai ka ji an ce iskoki ne, a kawo hayaƙi da rubutu. Gaskiyar magana, ciwon ya daɗe yana sallama. Yakan fara ne bayan wata biyar, wato mako 20: jini ya hau ya kai 140 bisa 90, a ga furotin cikin fitsari. Tushensa mabiyiya ce da ba ta kama jikin mahaifa da kyau ba.

To, su wa ya fi nema? Na farko, mai cikin fari, kuma a Nijar, inda uku cikin huɗu na ƴan mata ke aure kafin shekara 18, mai cikin farin nan sau da yawa yarinya ce ƙarama. Sai wadda ta haura 35, da mai ɗauke da tagwaye, da wadda ta taɓa yin ciwon, ko mahaifiyarta ko ƴar uwarta ta yi. Haka mai hawan jini tun da can, mai ciwon suga, mai ciwon ƙoda, mai ƙiba sosai, da wadda ta yi shekara goma ba haihuwa.

Me ya sa nake nanata wannan a Dirku? Saboda hanya. Tsakaninmu da Agadez ya fi kilomita 500, kuma Tenere ce, ba kwalta. Wadda ta fara jijjiga da tsakar dare ba ta da wannan lokacin. Allurar magneziyam tana tsayar da jijjigar, amma maganin ciwon shi ne a raba uwa da ciki, wani lokaci sai da tiyata.

Saboda haka awon ciki ba ƙawa ba ne. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awo sau takwas. In an gano mace tana cikin jerin nan da wuri, likita na iya ba ta ƙaramin asfirin da kalsiyam, a kuma shirya inda za ta haihu tun da sauran wata. Kada dai ta sha da kanta.

Ku maza, kada mace ta rasa awo don jiran izininku. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama: ko ɗaya aka gani, a kai ta likita nan take.

Kowa ya koma gida ya tambayi matarsa, ƙanwarsa ko yayarsa mai ciki: yaushe rabon da a auna jininki?

Allah Ya sauke su lafiya.