Jawabi Kan Zaizayewar Ƙashin Iyayenmu



Idan gyatuma ta ranƙwafa, ko ɗan santsi ya karya mata ƙugu ko wuyan hannu, mukan ce tsufa ne. Sau da yawa kuwa ciwo ne, ƙashi ke zaizayewa a ɓoye, musamman bayan ɗaukewar al'ada. Karayar ƙugu ta fi ƙarfin mai ɗori, domin doguwar kwanciya tana kisa. Uwar da ta kai shekara 65, mu kai ta Cibiyar Lafiya ta Tarayya, Birnin Kudu, mu nemi shawarar likita kan awon ƙarfin ƙashi da na'urar DXA. Mu wadata iyaye da nono da zogale, su riƙa shan hantsi. Allah Ya sa mu gama da su lafiya.