Jiran Gida da Riƙon Dabbobi a Brighton Lokacin Bikin Pride



An nemi mu yi jawabi a kan wata al'ada ta ƙasashen Turai, wadda kowane ɗayanmu da zai tafi ƙaro ilimi ko kwas a Ingila zai iya cin karo da ita, watau jiran gida da riƙon dabbobin mai gida sa'ad da ya yi tafiya. Mun zaɓi mu tsaya a gari ɗaya da mako ɗaya: birnin Brighton da ke bakin teku a kudancin Ingila, a farkon watan Agusta, lokacin da ake babban bikin nan da suke kira Pride. Dalilinmu shi ne, a wannan mako ne abin da ya kai mai jiran gida garin da abin da aka ba shi amana suke jan rigarsa, wannan gabas wannan yamma.

Bari mu fara da yadda abin yake. Daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba makarantun Ingila suna hutun mako shida, iyalai kuwa sai su ɗaure kaya su nufi Sifen ko Faransa ko Girka. To, ga kare, ga kyanwa. Akwai gidajen ajiyar dabbobi na kuɗi, amma suna da tsada, dabbar kuma kan shiga damuwa a baƙon wuri har ta ƙi cin abinci. Gidan kansa ma ba a son barinsa kango, domin galibin kamfanonin inshora sukan rage abin da suka lamunta idan gida ya yi kwana 30 ko 60 ba kowa a ciki. Saboda haka sai mai gida ya nemi wanda zai zo ya zauna, ya kwana a gadonsa, ya yi girki a tukunyarsa, ya ciyar da dabbar. Mai gida ba ya biyan lada, baƙo ba ya biyan haya. A Brighton ɗin ne ma aka kafa kamfanin TrustedHousesitters a 2010, wanda yake haɗa masu gidaje da masu jira ta intanet. Kowane ɓangare yana biyan kamfanin kuɗin shekara, bayan an gama zama kuma kowa ya rubuta shaidar da ya yi wa ɗan'uwansa, sauran jama'a su karanta.

Ba a raba mu da irin wannan ba. Mun san ba makiyayi riƙon shanu, mun san barin ƙane ko almajiri a soro idan za a tafi aikin Hajji. Bambancin kawai, mu muna ba wanda muka san asalinsa, su kuwa suna miƙa mabuɗi ga mutumin da suka gani sau ɗaya ta fuskar waya.

Sai bikin. Asalinsa daga Amurka ne. A daren 28 ga Yuni, 1969, 'yan sanda suka kai samame wata mashaya mai suna Stonewall Inn a birnin New York, inda masu neman jinsi ɗaya suke taruwa. Maimakon su watse kamar yadda aka saba, sai suka yi turjiya, aka kwana da kwanaki ana arangama. Da shekara ta kewayo, a 1970, aka yi maci don tunawa da ranar. Landan ta yi nata na farko ran 1 ga Yuli, 1972, Brighton kuma a 1973. Daga nan abin ya kwanta a Brighton har 1991, lokacin da aka farfaɗo da shi ana cikin jayayya a kan Sashe na 28 na wata doka ta 1988, wanda ya hana ƙananan hukumomi tallata wannan ɗabi'a. An soke sashen a Ingila a 2003. Ma'anar kalmar Pride alfahari, manufarsu kuwa ita ce sun daina ɓuya. Tutar nan mai launukan bakan gizo da za ku gani a kan shaguna da bankuna da motocin haya, wani mai suna Gilbert Baker ne ya tsara ta a San Francisco a 1978. Abin da ya fara da zanga-zanga yau ya haɗa da kaɗe-kaɗe da ciniki. Jerin gwanon yakan tashi daga bakin teku ta wajen Hove da hantsin Asabar, ya ratsa tsakiyar gari, ya ƙare a filin Preston Park, inda manyan mawaƙa suke wasa.

Mun san abin da addininmu da al'adarmu suka ce a kan wannan mas'ala, ba kuma ita aka gayyace mu mu tattauna ba. Abin da ya shafi jawabinmu shi ne, garin da mazaunansa ba su kai 280,000 ba a ƙidayar 2021 yakan karɓi baƙin da suka tasam ma yawan mutanensa cikin kwana biyu. Masaukai su cika, farashinsu ya yi tashin gwauron zabi. Waɗansu mazauna garin kan gudu daga hayaniyar, masu son bikin kuwa suna neman wurin sa haƙarƙari ido rufe. Nan ne bukata ta gamu da bukata: wannan ya bar gida da kare, wancan ya sami ɗaki kyauta a makon da ɗaki ya fi kowane mako tsada.

To, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A ƙarƙashin dokar kula da lafiyar dabbobi ta 2006, wadda take aiki a Ingila da Wales, alhakin dabba yana kan duk wanda take hannunsa, ko da na ɗan lokaci ne. Dokar ta jera bukatu biyar: wurin zama da ya dace, abincin da ya dace, damar yin abin da dabbar ta saba yi bisa halittarta, zama tare da 'yan'uwanta ko nesa da su gwargwadon jinsinta, da tsare ta daga ciwo da wahala da rauni da cuta. Daga sa'ar da mai gida ya ja ƙofa ya tafi filin jirgi, waɗannan biyar sun hau wuyan mai jira, ana kuma iya gurfanar da shi idan ya yi sakaci. Ƙungiyar RSPCA, wadda take kare haƙƙin dabbobi tun 1824, tana ba da shawarar kada a bar kare shi kaɗai fiye da awa 4.

Ku lissafa da kanku. Jerin gwano ya tashi da hantsi, wasa a fili ya kai dare, sa'an nan a koma unguwar Kemptown a ci gaba. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara saura, mutum bai ankara ba ya yi awa 12 a waje. Kare kuwa yana bayan ƙofa, ba ya iya buɗe famfo, ba ya iya fita ya kama ruwa. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya karɓi kare a wannan mako, bikinsa guntu-guntu ne: ya fita da shi yawo da sassafe, ya je ya kalli jerin gwanon, ya komo da azahar, in ya so ya sake fita da la'asar sakaliya. Wanda ya sami gida a Landan yana tunanin zai yi tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa ya dawo, shi ya fi kowa shiga haɗari. A 2018, daren da mawaƙiya Britney Spears ta yi wasa, cunkoso ya sa dubban mutane suka maƙale a tashar Brighton, waɗansu har suka kwana a bakin teku. A 2023 kuwa, saboda rikicin direbobi da kamfani, ba jirgin da ya shiga garin ranar Asabar ɗin bikin. Duk wanda ya bar dabba a kulle a irin wannan dare, ba abin da zai gaya wa mai ita.

Wani zai ce, ai sai a tafi da karen. A ganinmu wannan ya fi muni. Kunnen kare ya fi namu ji nesa ba kusa ba, ganguna da usur da lasifika azaba ne gare shi. Ga fasassun kwalabe a ƙasa, ga guntayen abincin da jama'a suka yar, alhali cakulan da inabi da albasa duk guba ne ga kare. Karen da ya firgita ya fizge igiya cikin irin wannan taro, sai dai a yi ta cigiya. Gaskiya ne doka ta tilasta sa wa kowane kare 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata tun 2016, ta kuma haɗa da kyanwa a Ingila tun Yunin 2024, amma lambar wayar da ke jikin rajistar ta mai gida ce, shi kuwa yana can wata ƙasa. Wajibi ne tun kafin ya tafi a ɗaura wa karen wata alama a wuya mai lambar mai jira.

Sai zafi, kada ku yi dariya. Mu da muka san Maris da Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri mukan raina zafin Turai, amma ran 19 ga Yuli, 2022, ma'auni ya kai digiri 40.3 a Coningsby, karo na farko da Ingila ta haye 40. An gina gidajensu ne don su riƙe ɗumi, mafi yawa ba su da na'urar sanyaya ɗaki. Kare kuma ba ya gumi kamar mutum, sai ɗan kaɗan ta tafin ƙafa. Da haki yake fid da zafi, shi ya sa masu gajeren hanci suka fi saurin galabaita. Wani bincike da likitocin dabbobi na Ingila suka buga a 2020 ya nuna cewa yawo da guje-guje cikin zafi sun fi kulle kare a mota jawo wannan ciwo. Watau mai jiran da ya dawo da tsakar rana a gurguje, ya ja kare yawo don ya sauke nauyi ya koma wurin kiɗa, shi ne mai kashe shi. A ɗora bayan hannu a kan kwalta daƙiƙa biyar. In hannu bai jure ba, ƙafar kare ba za ta jure ba. Kyanwa ta fi sauƙin sha'ani, tana iya wuni ita kaɗai in akwai ruwa da abinci. Sai dai a kiyaye abu biyu: ƙwayar farasitamol ɗaya tana iya kashe ta, haka kuma furen lili, wanda ake yawan sayarwa a kantuna, yana lalata mata ƙoda.

Ga Musulmin cikinmu akwai tambayar kare. Mazhabarmu ta Malikiyya tana ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai kuma bin umarni ne. Duk da haka yawancinmu ba mu tashi da kare a ɗaki ba, karen Bature kuwa a kan kujera yake kwana, wani ma a gado. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, ya nemi gidan kyanwa ko zomo ko kaji, suna nan da yawa. Abin da ba shi da kyau shi ne a karɓa don kwaɗayin ɗaki, sa'an nan a kora dabbar bayan gida a rufe. Kowa a nan ya san labarin matar da Buhari da Muslim suka ruwaito, wadda ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha.

Akwai kuma amanar da ba ta dabba ba. A gari irin Brighton, ba abin mamaki ba ne mai gidan da ya ba ka mabuɗi ya kasance namiji ne mai zaune da namiji, ko mace da mace, domin dokar Ingila ta halatta irin wannan aure tun Maris na 2014. Hotunansu suna bango, wasiƙunsu suna faɗowa ta ƙofa kowace safiya. In ba za ka iya ba, ka faɗa tun farko cikin ladabi, a nemi wani. In ka karɓa, to asirin gidan ya zama naka: ba ɗaukar hoto a aika wa abokai ana raha, ba kawo baƙi su kwana sai da izini, ko da abokinka ya rasa masauki. Haka nan a kan titi. Cikin masu jerin gwanon akwai 'yan Afirka, har da 'yan Nijeriya, waɗansu masu neman mafaka ne. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, da shekara 10 ga shiga ƙungiyoyinsu. Hoto ɗaya da ɗan kallo ya ɗora a Facebook ba da wata niyya ba yana iya isa unguwar wani kafin gari ya waye, ya jawo wa shi da iyayensa abin da mai hoton ba zai iya gyarawa ba.

Abu na ƙarshe ya shafi takardu, ma'aikata su saurara da kyau. Ko da yake ba a biyan kuɗi, jami'an shige da fice suna iya ɗaukar ɗakin kyauta a matsayin lada, jiran gida kuma a matsayin aiki. A 2022 an mayar da wata matafiya 'yar Ostareliya daga filin jirgin Los Angeles a kan haka. Bizar ziyara ta Ingila ba ta yarda da aiki ba. Ta ɗalibin digiri ta yarda da awa 20 a mako lokacin karatu, amma ta hana sana'ar kai, watau idan ɗalibi ya fara karɓar kuɗi hannu da hannu don yawo da karnukan unguwa, ya taka sharaɗin zamansa. Ɗaliban jami'o'in Sussex da Brighton suna da ofishin ba ɗaliban ƙetare shawara, haka sauran jami'o'i. A je a tambaya kafin a amsa wa kowane mai gida. Sa'an nan a nemi ya rubuta a takarda sunan likitan dabbar, da lambar asibitin dare, da wanda zai biya in an kai ta, da maƙwabcin da ke riƙe da mabuɗi na biyu.

Shugaba, mun ga ka duba agogo. A buɗe fagen tambayoyi.