HAƘƘIN MAI NEMAN TAIMAKO DA HAƘƘIN WANDA AKE NEMA A WURINSA

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a garin Potiskum)





Maganar da aka ɗora mana ita ce ta masu neman taimako a bainar jama'a, wato masu tara kuɗin ginin masallaci ko makarantar Islamiyya, da masu nema wa marayu ko majinyata. Wasu magidanta sun kawo koke cewa abin ya wuce gona da iri, har suna ba da shawarar ƙungiya ta rubuta wa ƙaramar hukuma takarda a kori waɗannan mutane daga gari gaba ɗaya. To, matsayinmu shi ne kada mu nemi a hana, amma mu tsaya kai da fata a gindaya sharuɗɗa. Ga dalilanmu.

ABIN DA AKE KUKA DA SHI

Babu wanda bai san yadda abin yake ba. Mota ta cika a tasha, direba na jiran yaransa su gama ɗaurin kaya, sai mutum ya leƙo ta taga da amsa-kuwwa da hoton ginin da bai kai linta ba. Idan ya yi addu'a ya wuce, babu laifi. Amma wani sai ya tsaya a kan mutum ɗaya, ya yi ta kiran "Alhaji mai farar hula" har sai kowa ya waiwayo, Alhajin kuma ya ba da abin da bai yi niyya ba don gudun kunya. A kasuwar shanu, da zarar an sallama an ƙirga kuɗi, sai ka ga an kewaye mai saniya kafin ya sa kuɗin a aljihu. Iyayenmu mata kuma suna kukan masu sallama da hantsi, lokacin da aka san maigida ya fita, su ajiye ambulan su ce za su dawo su karɓa. Yanzu ga wayar hannu ta shigo: a turo maka hoton majinyaci da lambar asusu ta WhatsApp ko Facebook, babu sunan asibiti, babu wanda ya tsaya masa.

Ya kamata mu bambanta wannan da bara. Mabaraci yana roƙa wa cikinsa ne, kowa ya san inda kuɗin za su. Mai neman taimako kuwa yana karɓa ne da sunan wani, don haka amana ce a hannunsa, kuma duk wanda ya riƙi amana dole ne ya yarda a tambaye shi.

ABIN DA DOKAR ƘASA TA TANADA

Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini a sashe na 38, da 'yancin faɗin albarkacin baki a sashe na 39, da 'yancin kafa ƙungiya a sashe na 40. Sashe na 41 ya ba shi damar zirga-zirga da zama a duk inda ya ga dama a cikin ƙasar nan, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko wurin da ya fito. Saboda haka wanda ya taso daga wani gari ya zo ya ce a taimaki makarantarsu, bai aikata laifi ba don kawai ya buɗe baki.

Sai dai kundin bai manta da ɗaya ɓangaren ba. Sashe na 34 ya kare mutuncin ɗan'adam, sashe na 37 ya kare sirrin mutum da na gidansa, sannan sashe na 45 ya yarda a yi dokar da za ta taƙaita wasu daga cikin waɗannan 'yanci domin tsaro da zaman lafiya, ko domin kare haƙƙin wasu mutane. Ma'ana, mai nema yana da damar ya tambaya, kai ma kana da damar ka ce a'a ka wuce ba tare da an tozarta ka ba. Wanda kuma ya karɓi kuɗin jama'a da sunan masallacin da babu shi, wannan damfara ce, dokar manyan laifuka ta tanadar masa hukunci tun tuni.

A addinance ma haka abin yake. Suratud Duha ta hana a tsawata wa mai tambaya, Suratul Baƙara kuma ta yabi mabuƙatan da ba sa naci wajen roƙo. A cikin mutum takwas da Suratut Tauba ta lissafa masu cin zakka akwai ma'aikatan da ke tattara ta, kuma malamai sun yi bayanin cewa shugaba ne yake naɗa su. Ashe ke nan tun asali mai karɓa da sunan wasu mutum ne sananne, wanda akwai mai tuhumarsa idan ya kauce.

ME YA SA BA MU GOYON BAYAN KORA?

Jama'a, mu duba abin da ya faru a maƙwabta. Jihar Kano ta yi dokar hana bara a titi a 2013, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, sannan a watan Fabrairu na 2020 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sake shelanta hana almajirai bara. A Kaduna, bayan bam ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari ta Zariya a watan Yuli na 2015, Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya hana bara da talla a tituna, har naƙasassu suka fito suka yi zanga-zanga. Duk wanda ya je Kano bayan waɗannan dokoki ya san cewa masu miƙa hannu ba su ƙare ba, domin buƙatar da ta fito da su tana nan.

Abin da ya fi shafarmu shi ne na 2020, lokacin annobar korona, da gwamnonin Arewa suka riƙa kwashe almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu na asali. A ranar, tambayar da aka yi wa yaro ita ce "daga ina kake?" Duk lokacin da aka ce a share gari, wannan tambaya ce ake farawa da ita, kuma mu da iyayenmu suka zo daga Kano da Katsina da Haɗejiya da Damagaram mun san ɗacinta. Muna zaune lafiya da 'yan'uwanmu Ngizim da Karekare da Bolewa, mun yi auratayya, muna girmama masarautun Fika da Pataskum. Bai dace a ce daga bakinmu aka fara jin kiran a kori wani don shi baƙo ne ba. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Kada kuma mu manta da alherin da aka yi mana ta wannan hanya. Bayan harin kasuwar shanu a watan Mayu na 2012, da na makarantar sakandaren kimiyya a watan Nuwamba na 2014, gidaje da yawa sun rasa masu ciyar da su, kuma karo-karon jama'a ya rufa wa marayu da zawarawa asiri. Masallatan unguwanninmu da Islamiyyun da 'ya'yanmu ke zuwa, akasarinsu da irin wannan taro da sisi aka ɗora bulo a kan bulo. Idan aka toshe ƙofar gaba ɗaya, mai gaskiya ne zai koma gida, macuci kuwa zai sake dabara.

Wannan matsala har Ingila ta sha fama da ita. A 2015 wata tsohuwa mai shekara 92, Olive Cooke, ta rasu a birnin Bristol, sai aka gano ƙungiyoyin agaji sun riƙa aika mata ɗaruruwan wasiƙun neman kuɗi. Iyalanta sun ce ba wannan ne sanadin rasuwarta ba, amma abin ya tayar da ƙura, har a 2016 aka kafa hukuma ta musamman mai sa ido kan masu tara kuɗin agaji. Ba su hana nema ba. Sun sa wa masu neman linzami ne.

SHAWARWARINMU

Na farko, duk mai nema da sunan wata ƙungiya ya nuna shaida. Idan babba ce, ta kawo takardar rajistarta ta Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Idan kwamitin masallacin unguwa ne, ya kawo takardar limami da ta mai unguwa ko bulama, mai ɗauke da lambar wayar da za a kira a tabbatar.

Na biyu, a ba da rasit ga duk wanda ya nema, kuma asusun banki ya kasance da sunan ƙungiya ko kwamiti. A manna lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe a allon masallaci, kowa ya gani.

Na uku, tambaya sau ɗaya ce. Wanda ya ce "Allah ya ba mu" a ƙyale shi. Ba a kiran sunan mutum ko siffarsa a lasifika, ba a bin sa a baya, ba a riƙe masa riga.

Na huɗu, ba a shiga gida sai da izinin maigida, ba a tsayawa a kan mai ciniki yana ƙirga kuɗi. Muna roƙon shugabannin tasha da na kasuwa su ware wuri ɗaya sananne inda mai nema zai tsaya.

Na biyar, a daina yawo da majinyaci a rana ana nuna ciwonsa, a daina sa yara ƙanana a gaba. Wanda ke da marar lafiya ya zo wurin ƙungiya, mu tura mutum biyu asibiti su gani da idonsu, sannan mu yi shela.

Na shida, mu fara da kanmu. Ba zai yiwu mu nemi wasu su kawo lissafi ba alhali asusun ƙungiyarmu ba a karanta shi a gaban taro. Muna ba da shawarar ma'aji ya riƙa karanta shi duk bayan wata uku.

Daga ƙarshe, muna kira ga iyayenmu mata: idan aka yi sallama aka miƙo ambulan, kuna da haƙƙin ku ce a dawo idan maigida yana nan, babu zunubi a cikin haka. Ku kuma magidanta, kada fushin macuci ɗaya ya sa ku rufe hannu ga mabuƙaci na gaskiya. Ku tambaya, ku tabbatar, sannan ku bayar da daɗin rai. Idan taro ya amince, waɗannan sharuɗɗa shida su ne za mu rubuta mu kai wa iyayen ƙasa da ƙaramar hukuma, a madadin takardar korar da aka nema.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Potiskum da Jihar Yobe da ƙasa baki ɗaya. Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure a gafarce mu.